Yadda ake sasanta rigimar "ina za a yi Sallah" tsakanin iyaye da manyan 'ya'ya

Duk shekara da an shiga goman tsakiya na azumi, ko an fara ganin raguna ɗaure a bakin titi, gurup ɗin gidanmu na WhatsApp sai ya ɗau zafi. Wannan ya ce shi bana ba zai samu zuwa ba, waccan ta ce maigidanta ya ce a garinsu za su yi, Hajiya kuma ta kira ni ta ce "wato ni da bango za mu yi Sallah ko?" Mu 9 ne a wajen Alhaji, ɗaki biyu, ni ne na uku. Biyu suna Abuja, ɗaya Legas, ɗaya tana aure a Maraɗi, ni ina Kaduna, sauran suna nan Kano kusa da gida. Ban san ranar da aka naɗa ni sarkin sulhu ba amma dai yau sama da shekara 10 kenan ni ake turawa in an rasa mai shiga falon Alhaji, na sha faɗa, na sha a kashe min waya ina tsakiyar magana, har na gane akwai hanyar da in ka bi ta abun yana zuwa da sauƙi. Ƙanin wani abokina da ya yi aure bara ne ya dame ni da tambaya, shi ne na ce bari in rubuta gaba ɗaya.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu domin duk sauran a kansa suke: iyayenmu suna iya haƙura a ce ba za a zo ba, abun da ba sa yafewa da wuri shi ne a gama yanke magana a bayansu sannan a zo a karanta musu kamar sanarwar rediyo.

Abubuwan da za ka tanada

Kalanda mai ɗauke da watan Musulunci da na bature tare. Sai takarda da biro, ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, saboda wallahi za ka manta wa ya ce me. Sai kati a waya mai ɗan auki, domin wannan aiki na kira ne. Sai ranar hutun makarantar yaran kowa da ranar jarabawarsu, da kwanakin hutun da kowane ma'aikaci yake da su a wajen aikinsa. Sai lissafin kuɗi na gaskiya, abun da ke aljihu, ban da wanda ake sa ran wani zai biya bashi.

Kana buƙatar ƙaramin gurup na 'yan uwa zalla wanda babu iyaye a ciki, babu matan 'yan uwa, babu mazan 'yan uwa. Ka tabbatar 'yan ɗaya ɗakin suna ciki, in ka ware su ka buɗe sabuwar rigima da ta fi ta Sallah girma. Sannan mutum ɗaya mai fada a wajen iyayen, zan yi bayaninsa a gaba. In da hali ka riƙe 'yar tsaraba ta zuwa gaisuwa, goro ko turare ko zuma, duk abun da ka san tsohon yana so, ba toshiya ba ce, ladabi ne kawai kar ka shiga hannu rabbana.

1. Ka fara da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramar Sallah ni tun Sha'aban nake taɓo maganarta, domin in azumi ya kama kowa a gajiye yake, ga yunwa ga zafi, ƙaramar magana sai ta zama babba. Babbar Sallah kuwa da an sauko daga yawon Ƙaramar nake fara lissafi, tsakaninsu wata biyu ne da kwana 10 kacal, kafin ka ankara ta iso.

Ka duba kalanda ka ga wace rana ake sa ran za ta faɗo, domin ranar ce take yanke tsawon hutu. Gwamnatin Tarayya yawanci kwana biyu take bayarwa. A 2024 Babbar Sallah ta faɗo Lahadi 16 ga Yuni, aka ba da Litinin da Talata. A 2025 ta faɗo Juma'a 6 ga Yuni, aka ba da Juma'ar da Litinin. Ka ga duka biyun in ka haɗa da Asabar da Lahadi kwana huɗu kenan, na Abuja zai iya, na Legas da zai hau mota kuwa kusan rabi a hanya zai ƙare. In kuma ta faɗo tsakiyar mako to kwana biyun ne tsurarsu. Sannan duk shekara Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11, shi ya sa a 'yan shekarun nan Babbar take karo da lokacin jarabawar WAEC da NECO, duk mai yaro a ajin ƙarshe ka san da wuya ya motsa.

Bambanci ɗaya da mutane ke mantawa: Babbar Sallah da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Zulhajji ka san ranarta da kwana 10, Ƙarama kuwa sai daren 29 ga azumi ake sani. Don haka in za a yanki tikiti na Ƙaramar Sallah a yanka kamar azumi 29 za a yi. Gara ka iso ka ƙara azumi ɗaya a gida da ka yi idi a tasha.

2. Ka kira kowa shi kaɗai, kar ka jefa tambayar a gurup

Wannan kuskuren na yi shi shekara biyu a jere. Na rubuta "su wa za su zo gida bana?" a babban gurup, Hajiya na ciki, ba ta iya karanta boko sosai ba amma autarmu na karanta mata. Mutum uku suka ce ba za su zo ba a gabanta, cikin minti 10, ɗaya har da sa hoton dariya. Kwana uku ba ta ɗaga wayar kowa ba.

Ka kira mutum, ku gaisa, ka tambayi iyali, sannan ka ce ya maganar Sallah. Amsar farko yawanci ba ita ce gaskiyar ba. Zai ce "aiki ya yi yawa". Ka ɗan yi shiru, ka ce toh Allah ya taimaka, amma in da an samu mai ɗaukar kuɗin mai fa? A nan za ka ji muryarsa ta canza. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, mafi yawan "aiki ya yi yawa" ɗin da nake ji kuɗi ne, mutum yana jin kunya ya ce wa ƙaninsa ba shi da na mota da na ɗinkin yara da na barka da Sallah da za a raba wa 'ya'yan dangi. Wani kuma matarsa ce ta ce ba za ta je ba, kuma in ka bi a hankali za ka tarar tana da hujja. Ni sai da matata ta zaunar da ni ta lissafa min: ku maza kuna dawowa daga idi ku zauna a inuwa kuna hira, mu tun asuba muna murhu, a gama tuwon Sallah a shiga gyaran kayan ciki, washegari suya tun safe har dare, facalata guda tana kwance wai kanta na ciwo, in koma Kaduna da ciwon baya ka ce min mun yi hutu. Ban da amsa ranar.

'Yan uwa mata masu aure kuma ka tuna ba su ke da ta cewa su kaɗai ba, kar ka matsa wa ƙanwarka ta yi alkawarin da sai ta yi faɗa da mijinta kafin ta cika. In ta kama kai ka kira surukin naku ku yi magana ta maza, cikin girmamawa, roƙo kake ba umarni ba.

Duk abun da aka faɗa maka a wannan kiran amana ne. Ka rubuta a takardarka don kanka, kar ka kai wa wani.

3. Ka gano me tsofaffin suke so a zahiri

A nan aikin yake, kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa domin muna ɗaukan maganarsu a yadda ta fito. Alhaji zai ce "kowa ya zo, kwana bakwai, ba na son jin wata magana." In ka tsaya kan kwana bakwai ɗin za ku yi ta ja har Sallah ta wuce. Na daɗe kafin na gane shi Alhaji safiya ɗaya ce damuwarsa: a fito tafiya idi yana gaba, 'ya'yansa maza da jikoki suna biye da shi cikin sababbin kaya, mutanen unguwa suna gani, a dawo a yanka ragonsa muna riƙe masa. Da an yi wannan, wallahi washegari in ka ce za ka tafi "Allah ya kiyaye hanya" kawai zai ce, shi ma hayaniyar yaran ta ishe shi.

Hajiya tata daban. Ita ba ruwanta da idi, jikoki take so su kwana a ɗakinta, ta ga wa ya rame wa ya yi ƙiba, ta ɗaura wa kowa ƙullin soyayyen nama da cincin da hannunta. Sannan akwai abun da ba za ta taɓa faɗa ba, kar ɗakin Umma, kishiyarta, ya cika nata ya zama wayam. Gidan da ke da ɗaki biyu dole ka sa wannan a lissafi, in 'yan ɗaki ɗaya ne kawai za su zo to ka san akwai wadda za ta yi Sallah da ƙunci ko da tana murmushi.

Yadda ake ganowa: ka je ko ka kira ba da maganar Sallar bana ba, ka jawo hirar ta bara. "Hajiya bara me ya fi miki daɗi?" "Alhaji lokacin su Kaka ya ake yi in Sallah ta zo?" Ka bar su su yi ta zuba, abun da suka maimaita sau biyu shi ne abun. Wani lokacin ma za ka tarar tsoro ne, tsoho ya ga sa'o'insa suna ta tafiya, yana lissafin Sallah nawa ta rage masa, ba zai ce maka haka ba sai dai ya ce "ku dai ku zo." In ka ji alamar wannan to ka sassauta lissafinka na kuɗi da kwanaki, ka koma wajen 'yan uwa ka faɗa musu a fili.

4. Ku haɗa baki kafin ku je, kuma ku je da zaɓi biyu

Yanzu ka dawo ƙaramin gurup. Kar ka faɗi sirrin kowa, ka ce dai ga waɗanda za su iya, ga waɗanda da wuya, ga abun da na fahimta su Alhaji suna so. Ku fitar da tsari biyu da duk wanda aka zaɓa a ciki za ku iya cikawa. Misali na farko, kowa ya zo Babbar Sallah kwana uku, Ƙarama kuma na kusa kawai. Na biyu, a raba, rabi su zo Ƙarama rabi Babba, sannan a haɗu gaba ɗaya a dogon hutun makaranta na Agusta. Dalilin zaɓi biyu shi ne tsoho ya samu abun da zai yanke da bakinsa. In ka kai masa ɗaya ka ba shi umarni kenan, in ka kai biyar kuma zai ce duk bai yarda ba.

Maganar kuɗi a gama ta a nan, iyaye kar su ji ta. Mu asusu muke yi, kowa yana turo abun da ya sawwaƙa duk wata tun daga Muharram, mutum ɗaya ke riƙewa yana turo lissafi. Kar a ce dole kowa ya ba da daidai, malamin firamare da ɗan kasuwar Kwari ba ɗaya ba ne. A ce ana neman dubu 600, wani ya ɗau 200, wani 50, wani kuma ya ce shi ba shi da kuɗi amma shi zai je kasuwa, shi zai nemo mahauci, shi zai ɗauko mutane daga tasha, wannan ma kaso ne kuma a faɗa a gurup cewa kaso ne. In ba ku yi asusu ba kuma lokaci ya ƙure, mutum biyu masu ɗan hali su ɗauki kuɗin motar wanda ya gaza a ɓoye, a tura masa ba tare da an yi shela ba.

Hattara da mai kuɗin gida. Kusan kowane gida akwai shi, wanda yake ganin tunda shi ke biya shi ke yanke hukunci. Namu ya taɓa cewa a kwashi su Alhaji a kai su Abuja a yi Sallah a can, ya kama musu masauki mai kyau, a kai su wuraren shaƙatawa. Niyyarsa lafiya lau, amma Alhaji cewa ya yi "in bar masallacin idin da nake zuwa tun ina yaro in je in yi Sallah a cikin baƙi, wa zai karɓi masu zuwa gaishe ni?" In kuna son fita da iyaye wani gari, ko Umara, ku sa ta a wani lokaci daban, kar ku ɗora ta a kan ranar idi sai in su suka nema.

5. Wa za a tura, kuma yaushe

Ba lallai babban wa ba. A gidaje da yawa uwa tana kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, hira mai tsawo ba ta shiga tsakaninsu, in ya zo da magana sai ta ce "toh" kawai alhali ba ta yarda ba. Uba kuma da ɗan fari sau da yawa kamar zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Ka duba wanda in ya shiga ɗaki fuskar tsohon take sakewa. Wajen Hajiya autarmu ce, tana iya faɗa mata abun da in ni na faɗa sai na sha zagi. Wajen Alhaji ni ne, amma sai na fara sanar da Yaya Babba na ce ga abun da zan je in faɗa da izininka, kar ya ji a bakin wani.

In a cikinku babu mai wannan fadar, ku nemi Baffa ko Goggo ko Kawu, ko aminin Alhaji da suke zaman majalisa tare, ko limamin unguwa in abun ya yi tsanani. Jika babba ma yana aiki, domin akwai wasa tsakanin jika da kaka, cikin tsokana zai shigar da maganar da ɗa ba zai iya ba. Amma kar a tura suruka, matar ɗa ko mijin 'ya, ko da ita ce ta fi kowa iya magana. In abu ya ɓaci a kanta zai ƙare har abada.

Lokaci: bayan la'asar ko bayan isha in an ci abinci. Ban da lokacin da ake jiran shan ruwa, ban da gaban baƙi, ban da gaban kishiya in maganar ta shafi ɗaki ɗaya. In kana nesa kuma ba halin zuwa, kira na murya, ba saƙon rubutu ba, ba kuma saƙon murya da za a yi ta sake kunnawa ana jin haushi sabo ba.

6. Zaman kansa

Ka zauna a ƙasa, ka gaisa sosai, kar ka yi gaggawa. Ka fara da abun da za a yi kafin abun da ba za a yi ba. Ni ga yadda nake shiga: "Alhaji dama shawara muka zo nema kan Sallah. Mun duba, in Allah ya kai mu mutum shida za su samu zuwa da iyalansu, sai dai na Legas da ɗaya na Abuja abun ya ɗan yi musu wuya saboda jarabawar yara. Shi ne muka ce ko a yi kaza ko a yi kaza, amma duk yadda ka gani shi za a yi."

Daga nan ka yi shiru. Zai yi faɗa, zai kawo maganar shekarar da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin makaranta, zai ce zumunta a ƙafa take, zai ce ku 'yan boko kun mai da waya dangi. Kar ka katse shi, kar ka kare kowa, "haka ne Alhaji, Allah ya huci zuciyarka" ya isa. Duk mun san ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce musu ko "uf", toh a wannan zaman ake gane wanda ya haddace ta da wanda ya fahimce ta. Yawanci in ya sauke abun da ke ransa shi da kansa zai ce "to shi na Legas ɗin yaushe zai samu zuwa?" Da ka ji wannan tambayar an gama, sai ka ba da rana takamaimai.

Kalmomin da ba a faɗa: "mun riga mun yanke", "ai zamani ya canza", "matata ta ce", "kuɗina ne". Musamman "matata ta ce". Ko da gaskiya ita ta ce, kai ka ɗauki nauyin, ka ce ni na ga ya fi.

Kar kuma ka yi ƙarya. Na taɓa cewa an hana wani ƙanina hutu a ofis alhali yana garin surukansa, ranar Sallah da yamma matarsa ta ɗora hotunansu a sitatus, autarmu ta nuna wa Hajiya ba da wata manufa ba. Ni na fi shi shan kunya.

7. Wuraren da aka fi cijewa

Gidan surukai. Wannan ita ce babbar, musamman in matar 'yar wani gari ce. Abun da ya yi mana aiki shi ne karɓa-karɓa da aka faɗa a fili tun da wuri: Babba a gidan miji, Ƙarama a garin matar, ko bana nan baɗi can. In gari ɗaya ne da sauƙi, ranar idi gidan su miji, washegari a kai ta gidansu ta wuni har dare, kuma a kai ta ɗin da gaske, ba a ce sai an gama suya ba. Ƙanwarmu ta Maraɗi kuwa wani lokacin sa'a take ci, domin akan samu shekarar da Nijar da Najeriya suke saɓawa da kwana ɗaya wajen ganin wata, in Nijar ta riga sai ta yi idi da dangin mijinta ta biyo ta Jibiya da Katsina ta same mu.

Masauki. Gidan da ya ɗauke mu muna yara ba zai ɗauke mu da mata da 'ya'ya 20 da wani abu ba, ga zafi ga rashin wuta ga layin banɗaki. Amma kalmar otal a kunnen Hajiya zagi ce, "gidan ubanka ya yi maka ƙanƙanta kenan." Dabarar ita ce jikoki su kwana wajenta, manya su rarrabu gidajen 'yan uwa da ke gari, wanda zai kama ɗaki a waje ya kama amma ya zo da sassafe ya karya a gida kuma kar ya tafi sai an yi isha. Abincin waje dai kar a kuskura a shigo da shi.

Hanya. Tun harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 maganar tsaro ta shiga lissafin kowa, kuma a nan wani lokacin abun juyawa yake, iyaye ne ke cewa kar a zo 'ya'ya suna cewa sai sun zo. In uwa ta ce hankalinta bai kwanta da tafiyar ba ka bari, ko ka canza yadda za ka zo. Mu dokarmu ba tafiyar dare, a fito bayan asuba, kuma ba a tahowa ranar jajibiri in da hali domin cunkoso da tsadar mota. Mai hawa jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa ya nemi tikiti da wuri, na Sallah ba ya jira.

Rago. Alhaji so yake ya je kara da kansa ko ya aika Wudil, ya taɓa, ya duba haƙori, ya yi ciniki. In kuka saya kuka kawo masa sai ya samo masa aibu. Ku ba shi kuɗin a hannu ku bar shi ya zaɓa. Wanda kuma ya ce ba zai zo ba saboda yana son yanka nasa a gidansa yaransa su gani, ku tuna masa a mazhabar Malikiyya da muka taso a kai ana layya ranar Sallah da kwana biyu bayanta, yana iya yin idi a gida ya koma ya yanka, ko ya yanka can ya taho washegari. In maganar haɗa kuɗi a sayi sa ce, ku tambayi malaminku bambancin layya da watanda kafin ku sa kuɗi, kar a zo ana musu a gaban mahauci.

Aikin mata kuma, tunda na ɗauko shi ɗazu: a cire kuɗin masu taya aiki daga asusu, mata biyu daga unguwa da mahauci da yaronsa, a raba girki kwana-kwana tsakanin facaloli, kuma Hajiya ce za ta faɗi rabon da bakinta bayan kun tsara mata, in ɗa ya faɗa sai a ce ya ɗaure wa matarsa gindi.

8. In an tashi ba a daidaita ba

Yana faruwa. Kar ka sake komawa washegari da hujjoji sababbi, ka bar kwana uku ko huɗu, ka ci gaba da kiran gaisuwa kamar ba komai ba tare da ka taɓo maganar ba. Sannan a tura mutum na biyu, wanda ya girme ka ko sa'an tsohon. In har yanzu ya kafe a kan mutum ɗaya lallai sai ya zo, ku duba ko za a iya kawo shi shi kaɗai ba iyali, ko kwana ɗaya ne, ya yi idi ya juya. Kuɗin mutum ɗaya ya fi sauƙi a kan fushin shekara. In kuma da gaske ba zai yiwu ba, rashin lafiya ko aikin da in ya bari za a kore shi, shi da kansa zai kira ya ba da haƙuri, ba ɗan aike ba, kuma ya faɗi ranar da zai zo.

9. A rubuta, a sanar, a cika

Da an amince, ka rubuta a babban gurup da sunan mai gida: "Alhaji ya ce ga yadda za a yi bana." Su wa za su zo, ranar isowa, inda kowa zai kwana, wa ke da girkin wace rana. Kar ku yi wa yara alkawarin kallon hawa kamar tabbas ne, Hawan Daushe da na Nassarawa suna da daɗi amma a Babbar Sallar 2024 'yan sanda sun hana hawa a Kano saboda rikicin masarauta, yaran da aka taho da su don dawaki kuka suka yi ta yi. Ku tanadi wani abun, ko gidan zu ko zagayen dangi.

Wanda bai zo ba yana da nasa aikin. Kayan Sallar iyaye su iso kafin ranar, ba bayanta ba. Ya kira da safe kafin a fita idi, sannan da yamma a yi kiran bidiyo yara su nuna wa kakarsu kayansu da lallensu, wannan a shekarar korona ta 2020 muka koye shi lokacin da aka rufe hanyoyi tsakanin jihohi, kuma har yau Hajiya sai ta sa mayafinta mai kyau kafin a kunna. A tura wa autar gida kuɗin data tun jajibiri. Ku da kuka zo kuma ku ɗaura masa nasa ƙullin naman, a ba direba ko wani mai komawa, Hajiya ta ga an ɗauka da idonta.

Ranar da za a watse, kafin a shiga mota, ka ja wanda bai zo bara ba da wanda bai zo bana ba a waya, a gaban Alhaji, a faɗi wa ke da zuwa Sallah mai zuwa. Ka rubuta a takardar nan taka ka ɗau hotonta, domin nan da wata 10 duk za su ce ba haka aka yi ba.